Muhawara: Doki ko zomo zai iya taya likita jinyar matashi mai ciwon damuwa?

Malam Lawal, Daura:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da nake so mu baje ta a faifai, tunda muna da ma'aikatan lafiya da malaman addini a cikinmu. A Amurka da Ingila da wasu ƙasashen Turai ana wata irin jinya ga matasa masu ciwon damuwa, ko firgici, ko waɗanda suka fara shaye-shaye. Ba a kwantar da yaro a asibiti. Yana kwana gidan iyayensa, yana zuwa makarantarsa, sai sau ɗaya ko biyu a mako ya je wurin mai duba shi, irin jeka-ka-dawo. Bambancinta da sauran shi ne akwai dabba a wurin zaman, doki ko kare ko zomo ko akuya. Yaron zai goge dokin, ya ja shi da ragama, ya ba shi abinci, mai jinyar na tsaye yana lura yana jan shi da hira.

Abin da ya sa na damu: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin kowane yara 7 masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata matsala ta ƙwaƙwalwa, kuma rabin irin waɗannan cututtuka kafin shekara 14 suke somawa. In aji yana da ɗalibai 70, lissafi ya ba mu 10 ke nan. Mu malamai muna ganin su. Yaro mai ƙoƙari ya koma bayan aji ya kifa kai a benci, ka tambaye shi ya ce ba komai. To mu da muke da dawaki da tumaki da tantabaru a ko'ina, wannan hanya za ta yi mana amfani, ko kuwa kayan Turawa ne kawai?

Alhaji Musa, Ƙofar Ƙaura:
Wa'alaikumus salam. Malam Lawal, ina ganin girmanka, amma wannan ba maganinmu ba ne. Bature kaɗaici ne ya ishe shi, yaro shi kaɗai a ɗaki, ba kaka ba gwaggo, shi ya sa yake neman kare ya yi hira da shi. Mu wane gida ne babu akuya ko kaji? Da dabba tana maganin damuwa, da ba a ga mai damuwa ko ɗaya a ƙauye ba, da kuma makiyayi bai taɓa taka asibitin ƙwaƙwalwa ba. Abin da ke damun yaranmu a fili yake: yunwa, zaman banza, ƙwaya da waya. A ba yaro aikin yi, a ga in bai miƙe ba.

Sista Binta, Katsina:
Alhaji, tambayarka tana kan hanya, kuma ita ce ya kamata a fara amsawa. Ni nas ce a ɓangaren masu larurar ƙwaƙwalwa. Gaskiyarka, zama da dabba a gida ba jinya ba ne. Makiyaya suna zuwa wurinmu kamar kowa. Abin da Malam Lawal ya kawo wani abu ne daban: akwai ƙwararre da ya fara binciken yaron ya gano abin da ke damun shi, ya tsara abin da ake so a cimma, sannan ya shigo da dabbar cikin zaman don ta sauƙaƙa masa aiki. In ka cire ƙwararren, kiwo ne kawai ya rage.

Abin ba sabo ba ne a wurin Turawa. Wani gidan jinyar masu taɓin hankali da aka buɗe a 1796 a garin Yok na Ingila ya riƙa ajiye ƙananan dabbobi a farfajiya don majinyata su riƙa kula da su, a zamanin da sauran wurare ɗaure mutane ake yi. Amma wanda ya shigar da shi cikin ilimin jinyar yara shi ne Boris Levinson, masanin halayyar ɗan Adam a Niyok. An kawo masa wani yaro da ya ƙi magana da kowa, aka yi dace karensa na cikin ofis. Yaron ya sake da karen, ya riƙa yi masa magana, a hankali har likitan ya samu shiga hirar. Da ya gabatar da abin ga abokan aikinsa wasu dariya suka yi masa, amma ya buga bayaninsa a 1962, daga nan abin ya yaɗu.

Ga dalilin da ya sa nake ganin mu ma muna buƙatarsa, wataƙila ma fiye da su. Ku dubi yadda muke ganin yaro a asibiti. Ɗaki ƙarami, tebur a tsakani, ni ina sanye da fararen kaya, babansa na zaune a gefe. Sai in ce masa, faɗa mini abin da ke zuciyarka. Yaron da aka rena a kan kada ya haɗa ido da babba, kada ya yi ƙorafi a gaban ubansa, me zai ce? Kansa a ƙasa, yana wasa da bakin rigarsa, amsarsa lafiya lau. Tarbiyya ce mai kyau, amma a ɗakin likita tana rufe mana ƙofa. In kuwa muna tsaye kafaɗa da kafaɗa muna goge doki, idonsa na kan dokin, hannunsa na aiki, ba wanda ya tsare shi da kallo. Sai in ce, kana ganin me ya sa dokin nan ya ware kansa daga sauran? Amsar da zai bayar sau da yawa labarin kansa ne yake ba ni.

Alhaji Musa, Ƙofar Ƙaura:
To Sista, na ji. Amma an tabbatar yana warkarwa, ko dai daɗin baki ne?

Sista Binta, Katsina:
Ba zan ƙara gishiri ba, Alhaji. Hujjar ba ta yi ƙarfi ba tukuna. A 2014 wasu masu bincike a Amurka suka tattara nazarce-nazarcen da aka yi kan jinya da dawaki, suka ga yawancinsu na da rauni: mutanen da aka gwada kaɗan ne, kuma ba a kwatanta su yadda ya kamata da waɗanda aka yi wa wata jinyar ba. Shawararsu ita ce kada a ɗauke shi a madadin hanyoyin da aka riga aka tabbatar. Abin da ake yawan gani shi ne yaro ya fi sakin jiki, tsoronsa ya ragu a lokacin zaman, kuma ya yarda ya dawo. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Babbar matsalar jinyar jeka-ka-dawo ita ce matashi ya zo sau ɗaya, ka ba shi ranar dawowa, ba ka ƙara ganin ƙeyarsa ba. Kunyar a gan shi a layin masu taɓin hankali kaɗai ta isa ta hana shi. In akwai abin da zai sa ya matsu ranar ta zo, na samu damar yi masa ainihin jinyar.

Malam Abdullahi, Ƙofar Sauri:
Bismillah. Tunda an ambaci malamai, bari in sa baki. Neman magani umarni ne, Manzon Allah (SAW) ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Ciwon zuciya da na ƙwaƙwalwa ba su fita daga wannan ba, kuma addu'a da zuwa asibiti ba kishiyoyi ba ne.

Game da dabba kuwa, akwai hadisin da nake so iyaye su tsaya a kansa. Anas ɗan Malik yana da ƙane ƙarami da ake wa alkunya da Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Manzon Allah (SAW) in ya zo gidan yakan ce masa, ya Aba Umair, me ɗan tsuntsun nan ya yi? Bukhari da Muslim duk sun kawo shi, a wata ruwayar kuma an bayyana cewa tsuntsun mutuwa ya yi, aka ga yaron cikin baƙin ciki. Ku lura, bai ce masa tsuntsu ne kawai, share hawayenka ba. Ta kan tsuntsun ya bi ya isa zuciyar yaron. Haka nan ya inganta cewa babu Annabin da Allah ya aiko face ya yi kiwon tumaki, malamai suka ce hikimar ita ce koyon haƙuri da tausayi kafin a ɗora masa jagorancin mutane.

Inda zan ja hankali shi ne kare. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallagi a ciki bin umarni ne. Amma hadisi ya hana ajiye shi sai don farauta ko kiwo ko gadin gona. Ban da haka ma, jama'armu ba za su karɓa ba. Ranar da aka ji an kai ɗiyar wani tana shafa kare da sunan magani, ranar shirin ya mutu. Ga doki, wanda aka ce alheri na ƙulle a goshinsa har tashin ƙiyama. Ga kyanwa, wadda aka ce ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Me zai kai mu ga kare?

Baba Ɗanjuma mai dawaki, Daura (ɗansa ne ke rubuta masa):
Gaisuwa ga malamai da manya. Ni ban yi boko ba, a barga na tashi, a barga na tsufa. Abin da Sista ta faɗa mun daɗe muna ganin shi, ba mu dai san ana kiran shi jinya ba.

Akwai yaron da kawunsa ya kawo mini, ɗan shekara 15, uwarsa ta rasu, ya zama ba ya jin maganar kowa, abu kaɗan sai faɗa. Ranar farko na ce ya shiga ya kwance wani ɗanyen doki daga turke. Ya shiga a fusace, yana huci, ya kai hannu da ƙarfi. Dokin ya kwantar da kunnuwa baya, ya juya masa gindi. Na ce fito, kafin ya harbe ka. Na ce ka ga kunnen nan? Ya faɗa maka bai yarda da kai ba. Tsaya nan sai numfashinka ya sauka. Ka je ta gefen kafaɗarsa, kada ka tunkare shi ta gaba ko ta baya, ka yi masa magana ƙasa-ƙasa, ka bari ya shinshini hannunka. Da ya yi haka, dokin ya saukar da kai, ya saki leɓe, ya yi ajiyar zuciya. Yaron ya juyo ya kalle ni, ya ce Baba, ya yarda. Ita ce magana mai daɗi ta farko da na ji daga bakinsa.

Doki ba ya jin tsoron sunan ubanka, ba ya kuma riƙe ka da abin da ka yi jiya. Yadda ka zo masa yau, haka zai karɓe ka. Yaron nan kullum da asuba yana nan, ya share barga, ya jiƙa dusa da kanwa, ya zuba harawa. Da Sallah shi ya riƙe mini doki a hawan Magajiya. Ban ce na warkar da shi ba, Allah ne mai warkarwa, amma ya dawo cikin mutane.

Sista Binta, Katsina:
Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da ka koya masa a bakin turke, wato ya lura da fushinsa, ya tsaya, ya saukar da numfashi kafin ya yi motsi, shi muke ɗaukar makonni muna koya wa yara a ɗakin jinya. Doki dabba ce da a daji farautar ta ake yi, shi ya sa Allah ya yi shi da saurin gane motsi da tsaurin jikin wanda ya tunkaro shi. Yaro na ganin sakamakon halinsa nan take, ba tare da wani ya yi masa faɗa ba. Tashin asubar nan ma magani ne. Mai ciwon damuwa janyewa yake yi daga komai, janyewar kuma ta ƙara masa ciwon. Abu mai rai da ke jiran ka ba shi abinci yana fitar da kai daga ɗaki ko ba ka so.

Sai dai Baba, da a ce yaron nan yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko ya fara maganar gara ya mutu, barga ba za ta ishe shi ba. Nan ne nake jin tsoro.

Maman Ummi, Katsina:
Sista, maganarki ta taɓa ni, don ina cikin wannan halin yanzu. Ɗiyata shekararta 16. Tun bayan da ta faɗi jarabawa ta canza. Ba ta cin abinci sai an matsa mata, ba ta barci, ta bar zuwa Islamiyya, ƙawayenta in sun zo sai ta ce a ce ba ta nan. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, mun sayi maganin barci a kemis. Dangin babanta sun ce aljanu ne, wasu sun ce aure take so. Abu ɗaya da na lura, muna da kyanwa da ta haihu a bayan ɗakin girki. Nan kaɗai nake ganin ta zauna, ta ɗora 'ya'yan a cinya, har in ji tana yi musu magana. Ni kuwa in na tambaye ta sai hawaye. Shin in ƙyale ta da kyanwar, a hankali za ta warware?

Sista Binta, Katsina:
Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Kada ki raba ta da kyanwar, amma don Allah kada ki tsaya nan. Rashin ci, rashin barci, guje wa mutane da yawan kuka, in sun wuce mako biyu, alamomin ciwon damuwa ne, kuma ana maganinsa. Ki daina ba ta maganin barcin kemis, wasunsu jiki na sabawa da su ya zama wata matsalar. Ki kawo ta a duba ta. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina na da sashen ƙwaƙwalwa, akwai kuma manyan asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Dawanau a Kano, da Kware a Sakkwato. Yawancin irin wannan ba a kwantarwa, kuma ga masu shekarunta da zaman tattaunawa ake farawa kafin a yi maganar ƙwaya.

Kafin nan, in kin gan ta wurin kyanwar, ki je ki zauna kusa da ita. Kada ki ce me ke damun ki. Ki tambaye ta wanne ne ya fi tsotso, wanne ne uwar ta fi so. Ki bar hirar ta tafi da kanta. In ta taɓa furta cewa ta gaji da rayuwa, ko da sau ɗaya ne, kada ki ɗauka wasa, ki kawar da fiya-fiya da maganin ɓera da duk wani magani daga inda hannunta zai kai, ki kawo ta a ranar.

Nura, ɗalibi a Katsina:
Iyayena, ku yi haƙuri in sa baki, don ni abin ya taɓa faɗa mini. Ina aji biyar na sakandare na shiga shan maganin tari da ƙwaya. Ba don daɗi ba, don in samu barci ne. Da aka gane a gida, aka kai ni wani gidan horo. Ba zan faɗi abin da na gani a can ba, amma na fito na fi yadda na shiga lalacewa. Wanda ya taimake ni wani ma'aikacin lafiya ne da yayana ya haɗa ni da shi, ina zuwa wurinsa ina komawa gida. Shi ya tambaye ni me nake so a rayuwa ban da ƙwaya, na ce tantabaru. Ya sa yayana ya kafa mini tukwane a bango. Duk zuwan da zan yi, da labarinsu muke farawa, wacce ta yi ƙwai, wacce ta ƙyanƙyashe, wacce shaho ya ɗauka. Daga nan mu gangaro kaina. Da tantabarun kaɗai aka ba ni, da na sayar da su na sayi ƙwaya, wannan ba na shakka. Da kuma mutumin kaɗai ne da tambayoyinsa, da ban koma ba.

Malam Lawal, Daura:
Nura, Allah ya ƙara tsare ka, ka yi jarumta da ka faɗi wannan. Maganar gidan horo ita ce ta sa na fi son tsarin jeka-ka-dawo. Duk mun tuna watan Oktoban 2019, lokacin da 'yan sanda suka shiga wani gidan mari a nan Daura, bayan 'yan kwanaki suka shiga wani a cikin birnin Katsina, aka fito da mutane da sarƙa a ƙafa, har da ƙananan yara. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugaye ba ne. Sun rasa inda za su ne. An rufe gidajen, amma me aka buɗe a madadinsu? A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma ba majinyaci haƙƙin kada a wulaƙanta shi. Amma uba a Zango ko Sandamu da ɗansa ya fi ƙarfinsa, har yau bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

Kuma jinya a cikin jama'a ba daga waje za mu aro ta ba. A 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abekuta: majinyaci ya sauka a gidan mutanen ƙauye tare da ɗan'uwansa, da rana ya je asibiti, da yamma ya koma cikin mutane, har da masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin. Duniya ta yaba, shi kansa ya kai mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

Dakta Kabir, likitan dabbobi:
Na karanta duka, ina goyon baya, amma bari in yi magana a madadin ɓangarena. Dabbar da za a haɗa da yaro mara lafiya sai an tantance ta. Kyanwa da kare suna ɗaukar ciwon haukan kare, wanda in alamunsa suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tsira, don haka rigakafi dole ne. Hajiya Maman Ummi, har kyanwarku. Makero na tsallakawa daga dabba zuwa fatar mutum. Mai asma bai kamata ya shiga ɗakin tantabaru ba. Doki kuwa ba kowanne ba. Ingarman da aka horar don sukuwa ko folo zafi gare shi. A nemi tsoho mai sanyin hali, kuma kada a fara da hawa, yawancin aikin a ƙasa ake yin shi.

Sannan ita ma dabbar tana da haƙƙi. Akwai yaran da ciwonsu ke sa su azabtar da abin da ya fi su rauni. Irin wannan ba a barin shi da zomo shi kaɗai. Abu na ƙarshe, kuma ina roƙo a riƙe shi: kada a yi wannan da ragon layya, ko dabbar da aka san za a kai kara. Yaron da ya rasa uwa, ya zo ya shaƙu da rago wata shida, ranar Sallah ya ga an kayar da shi, ko ranar Lahadi a ɗora shi a mota zuwa Mai'aduwa, an sake yi masa wani rashin ne.

Anti Hauwa, Katsina:
Dakta, wannan magana ta ƙarshe ta tuna mini da yaran da nake aiki da su, waɗanda rikicin 'yan bindiga ya koro daga ƙauyukan Batsari da Jibiya da Safana. Muna lissafa mutanen da aka kashe da gidajen da aka ƙone, amma ba ma lissafa cewa yaron nan da dabbobi ya tashi. Ya san kowace saniya da sunanta, shi ke kai su rafi. Dare ɗaya aka kore su a gabansa. Yanzu yana zaune a kangon wani a cikin gari, ba gona ba garke, in babur ya wuce da ƙarfi sai ya zabura. Na ga wani ɗan shekara 13 da ba ya magana da kowa, amma ya bi akuyar maƙwabta ya cire mata ƙaya a kofato, ya riƙe ƙafar a hankali yadda wanda ya iya ke yi. Ku tuna kuma da ɗaliban Ƙanƙara 344 da aka sako a Disambar 2020. Duk wanda ya kwana shida a daji a hannun masu bindiga yana buƙatar wanda zai ci gaba da sauraron shi bayan an gama ɗaukar hoto.

Tambayata ita ce 'yan mata. Barga wurin maza ce. Ba uban da zai bar budurwar ɗiyarsa ta je can.

Malam Abdullahi, Ƙofar Sauri:
Hajiya Hauwa, kuma yana da gaskiya in ya hana. A yi na mata daban, a cikin gida ko makarantar mata, mace ce za ta jagoranta. Kiwon awaki da tumaki da kaji a ƙasar Hausa ai dama a hannun mata yake. Ba sai an kai ga doki ba.

Alhaji Musa, Ƙofar Ƙaura:
Na saurara, kuma labarin Nura ya sa na sassauta. Amma har yanzu ina nan kan bakata a wuri ɗaya. Sista ta ce in babu ƙwararre kiwo ne kawai. To ina ƙwararrun? Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya duka ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200, kuma kullum ficewa waje suke yi. Wa zai bar layin majinyata ya tafi barga? Wa zai sayi harawa da dusa a tsadar nan? Abin da nake hangowa, gobe wani zai kafa allo a bakin titi, ya ɗaure doki biyu, ya ce yana maganin shaye-shaye, ya karɓi kuɗin bayin Allah. Mun ga irinsa da sunan ruƙiyya, mun gani da sunan maganin gargajiya.

Sista Binta, Katsina:
Wannan tsoron ni ma ina da shi, Alhaji, shi ya sa nake ta nanata cewa daga asibiti za a fara, ba daga barga ba. Amma ba sai babban likita ne zai tsaya a kan kowane yaro ba. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP, wanda ke horar da nas-nas da jami'an lafiya na matakin farko su gane waɗannan cututtuka, su kula da masu sauƙi, su tura masu tsanani gaba. Irin waɗannan ma'aikata ne za su iya. Likita ya duba yaro ya ce wannan ya dace, ma'aikacin da aka horar ya riƙa zama da shi, mai dabba kamar Baba ya kula da dabbarsa da tsaron yaron, a rubuta yadda ake ciki, a koma wurin likita lokaci-lokaci. Dawaki kuwa ba sai an saya ba. Garin da ake folo tun zamanin Sarki Dikko, garin Sarki Usman Nagogo, ba zai rasa masu dawakin da za su ba da aron tsohon doki na awa biyu a mako ba.

Baba Ɗanjuma mai dawaki, Daura:
Ni na ba da nawa. Akwai wani akawali da ya tsufa, ko jariri ka ɗora masa ba zai motsa ba. Amma sharaɗina, a zo da ma'aikacin lafiyar, kuma uban yaro ya sani. Ba na son a ce Ɗanjuma ya buɗe asibiti.

Malam Lawal, Daura:
Mun gode Baba. Ni kuma zan yi magana da shugaban makarantarmu kan zomayen da ƙungiyar manoma matasa ke kiwo. Ba zan kira shi jinya ba, tunda ba ni da wannan ilimin. Amma yaran da nake gani a bayan aji zan sa su cikin masu ba su abinci, in riƙa tsayawa tare da su, wanda na ga alamarsa ta yi nauyi in kira iyayensa in haɗa su da asibiti. Dakta Kabir, sai ka zo ka duba mana zomayen.

Maman Ummi, Katsina:
Sista, na yi magana da babanta, ya amince. Me za mu zo da shi?

Sista Binta, Katsina:
Alhamdu lillahi. Ku zo da duk magungunan da ta sha, har na kemis da na gargajiya, a cikin kwalayensu. Ki tuna lokacin da abin ya fara da abin da ya faru kafin nan. Ku fito da sassafe don a samu yankar kati da wuri. Ki faɗa mata gaskiyar inda za ku, kada a ce mata unguwa za a je. In akwai wata gwaggo ko yaya da ta fi sakewa da ita, a taho tare, kuma ki yarda a gan ta ita kaɗai na ɗan lokaci in likita ya nemi haka.